Kiɗa Ya Danne Maganar 'Yan Fim

Tambaya: Na haɗa sifikun gaba da amfilifaya mai wat 200, sauran suna kan risiba mai wat 100. Yanzu ba na jin magana sosai. In sayi wata amfilifayar?

Amsa: Ɗan'uwa, riƙe kuɗinka. Ninka wat ƙarin desibel 3 kacal yake bayarwa, shi ma sai an ƙure ƙara. Matsalarka ita ce kowace amfilifaya da irin yadda take haɓaka sautin da ya shige ta. Shiga saitin risiba ka kunna sautin gwaji, wannan shuuu ɗin. Zauna inda kake kallo da ma'aunin ƙara, ko na waya ne, ka daidaita kowace sifika a desibel 75. In risibarka Denon ce ko Yamaha, makirufon da ke cikin kwalinta zai yi maka aikin. Sifikar tsakiya mai ɗauke da magana kuwa, ni nakan ƙara mata desibel 2.