Kafin ka kama hanyar Kumasi

Ɗana, mahaifiyarka ta ce mini bayan Sallah za ka tashi zuwa Kumasi, za ka kai wa maigidanka kaya. Na yi murna ƙwarai. Allah ya sa a fita a sa'a. Na san an riga an cika maka kunne da zancen fasfo da katin rigakafin shawara da canjin kuɗi, don haka ba zan ƙara maka ba. Ni maganata a kan mutane take, waɗanda ka sani tun da, da waɗanda hanya za ta haɗa ka da su.

Ƙasar da za ka, kakanninmu sun riga ka zuwa. Fatake kan tashi daga Kano da jakuna, ɗauke da kanwa da fata da baƙin turkuɗi. Su ratsa Yawuri da Borgu, su bi ta Yandi, su sauka Salaga a ƙasar Gwanja, su juyo da goro. Wata da watanni suna tafe a bayan madugu. Babu banki, babu waya, babu otal. Abin da ya riƙe su shi ne mai masauki. A kowane zango akwai wanda ya san su. Shi zai ba su ɗaki, ya adana musu kaya, ya haɗa su da dillali, in ta kama bashi ya tsaya musu. Sau da yawa ɗa yakan gaji mai masaukin ubansa. Da yaƙin basasa ya tarwatsa Salaga a 1892, mutanen nan suka watsu zuwa Kete-Karachi, daga baya wasu suka gangara Kumasi da Akra. Jikokinsu ne za ka tarar a zangunan can. Shi kansa Alhassan Ɗantata, haifaffen Bebeji a 1877, ta fataucin goro ya fara, ya kuma zauna a Akra kafin gyaɗa ta sa sunansa ya cika duniya. Dukiyar irin waɗannan mutane, kafin ta zama kuɗi, sanayya ce.

To, kai ta Legas za ka bi. Daga nan Seme, Kwatano, Lome, Aflawo, Akra, sannan Kumasi. Tun yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ba ka bukatar biza, kana iya zama har kwana 90. Hanya ta yi sauƙi. Sauƙin nan kuwa shi ke sa yaran yanzu su ratsa gari ba su gaida kowa ba.

Ina nufin abokin nan naka na makarantar allo, wanda ya koma Agege a Legas tun kuna samari. Na san kun daɗe ba ku yi magana ba. Na san kuma zuciyarka za ta ce maka ai ya manta da kai, ko ka ce lokaci ya ƙure. Kada ka saurare ta. Zumunta a ƙafa take. Yi tunanin abin da zai faru in ka wuce shiru. Za ka ɗauki hoto a tasha, ka ɗora a WhatsApp, wani ya nuna masa. Ba zai ce maka komai ba. Amma daga ranar ya san matsayinsa a wurinka, kuma gyaran wannan ya fi wuya a kan tsayawar yini guda.

Ka kira shi tun kana gida, kwanaki kafin ka tashi. Kada ka faɗo masa kwatsam da jaka a kafaɗa. Zaman Legas ba zaman Kano ba ne. Wataƙila ɗaki ɗaya gare shi, shi da iyalinsa. In ka sanar da shi da wuri, ka ba shi damar ya shirya, ko ya nema maka wurin kwana gun maƙwabci ba tare da ya ji kunya ba. Ka ce masa, "Zan ratso ta wajenku, ina so in gan ka." Iyakarta ke nan. Kada ka ce za ka sauka gidansa sai shi ya faɗa da bakinsa.

Tsaraba kuma, ba sai mai tsada ba. Wanda ya daɗe a kudu ba agogo yake marmari ba. Kai masa kuka mai kyau, da busasshiyar kuɓewa, da daddawa, da yaji, da ɗan kilishi. Ka sa turaren wuta don uwargida, alewa ko dabino don yara. Mahaifiyarka ta fi ni sanin inda ake samun na ƙwarai, ka bar mata wannan.

Yanzu ga wurin da nake so ka natsu. Mutumin da za ka tarar ba shi ne yaron da kuka rabu ba. Kai ma ba kai ba ne. Tsohuwar abota kamar rigar da ta daɗe a adaka ce, tana nan da kyanta, amma sai an shanya ta ta sha iska kafin a sa. Sa'ar farko za ku yi ta dariya, kuna tuna malam da bulalarsa, da wanda ya fi kowa gudun zuwa itace. Daga nan labarin yarinta zai ƙare, ku yi shiru. Kada shirun nan ya tsorata ka, kada ka ɗauka abota ta mutu. Lokaci ne ya yi da za ka tambaye shi yau. Me yake sayarwa, yaya kasuwa, yara nawa, wanne ne ya shiga makaranta. Ka bar shi ya yi magana. Mai zaman baƙunta yakan tara zance a ciki shekara da shekaru, ba shi da wanda zai faɗa wa da harshen gida.

Kada ka buɗe baki da "ka yar da mu". Wasa ake nufi, na sani, amma tana da ƙaya. Shi ma yana iya mayar maka da ita, sai ku ɓata daren kuna lissafin wanda ya fara yin shiru. Ku duka rayuwa ce ta ja ku. Haka nan sunan tsokanar da kuke kiransa da shi kuna yara, ka riƙe shi a baki in matarsa ko 'ya'yansa ko yaran shagonsa suna wurin. A can shi maigida ne, wataƙila ma Alhaji. Da kun rage ku biyu, ka kira shi yadda ka ga dama, zai ji daɗi.

Ka yi a hankali wajen tambayar iyaye da 'yan'uwa. Shekaru sun wuce, an yi rashe-rashe. Kafin ka tashi ka bincika a unguwa, ka san wanda ya rasu a danginsa. In akwai ta'aziyyar da ba ka yi ba, da ita za ka fara, ku yi addu'a tare, ko da abin ya shekara biyar. Ta'aziyya ba ta tsufa.

In ka tarar Allah ya buɗa masa, ka yi masa murna har cikin ranka. Kada ka kawo bukata a wannan zuwan. Ko da kana da ita, haɗiye. In ka roƙa, zai ba ka, amma zai ɗauka abin da ya kawo ka ke nan, kuma duk kiran da za ka yi nan gaba da wannan kunnen zai ji shi. In kuma ka tarar abin ya yi masa tsauri, ka tsare idonka. Kada ka riƙa kallon rufin ɗaki ko tabarmar da ta yage. Abin da aka kawo maka, ci da marmari, ka yaba wa uwargida. In za ka taimaka da kuɗin cefane, kada ka miƙa masa a hannu. Ka damƙa wa ƙaramin yaron gidan lokacin sallama, ka ce a sayi alewa. Kowa ya gane, ba wanda ya ji kunya.

Wani abu kuma, ɗana, wanda mutane ke raina shi. In ka dawo gida za a tambaye ka, "Yaya ka baro wane?" Amsarka ita ce, "Yana nan lafiya, yana gaishe ku." Abin da ka gani a ɗakinsa amana ce. In ka baza shi a majalisa, kafin wata ya zagayo maganar ta koma Agege, ta kuma ƙaru a hanya. Ƙofar da aka buɗe maka da farin ciki sai a rufe ta ga duk wanda zai zo bayanka.

Yana yiwuwa kuma ya karɓe ka sama-sama. Ka yi masa uzuri. Ba ka san abin da ya kwana da shi ba, ko bashi, ko ciwo, ko rigimar gida. Ka gaishe shi, ka ajiye tsarabarka, ka yi masa addu'a, ka kama hanya. Kai dai ka sauke naka. Sau da yawa irin wannan ne zai kira ka bayan wata biyu, ya ba ka haƙuri, ya faɗa maka abin da ke damunsa. Ko an tarbe ka hannu bibbiyu ma, kada ka zarce. Malamai sun karantar da mu cewa liyafar baƙo kwana uku ce. Baƙo raɓa ne. Ka tafi ana marmarinka.

Sababbin mutane kuwa tun daga cikin mota za ka fara samunsu. Ka yi sallama in ka shiga. In ka buɗe guzuri, ka yi wa na kusa da kai bismilla. In an tsaya salla ka ga dattijo yana neman buta, ba shi taka. Ƙananan abubuwa ne, amma a doguwar hanya su ke mayar da baƙo abokin tafiya. In mota ta lalace cikin dare, ko aka tsare ku a kan iyaka, wanda ka ba ruwa da rana shi zai duba maka jaka. Ka rage kallon waya. Wanda ya sunkuyar da kai tun daga Kano har Jebba bai san wanda ya zauna kusa da shi ba.

Sai dai sakin fuska daban, sakin baki daban. Kada ka faɗa wa kowa nawa ke jikinka ko darajar kayan da ka ɗauko. Kada kuma ka karɓi ƙullin wanda ba ka sani ba don ka tsallakar masa da shi iyaka, komai daɗin bakinsa, komai furfurarsa. In jami'ai suka kwance suka ga abin da doka ta hana, a hannunka aka gani, mai shi kuwa ya ɓace. Ka ce masa, "Yi haƙuri, an hana ni daga gida." Ka ɗora laifin a kaina, na yarda. Mutumin kirki ba zai ji haushi ba. Yawancin waɗanda za ka haɗu da su mutanen kirki ne, ina so ka tafi da wannan a ranka.

In ka isa Kumasi, nemi masallacin zango ka yi salla cikin jam'i. Bayan an sallame ka gaida liman da dattawa, ka faɗi garinku da gidan da ka fito da abin da ya kawo ka. In da hali a raka ka ka gaida Sarkin Zango. Ba ɓata lokaci ba ne. Ranar da wata matsala ta taso a kasuwa, za a ce, "Ai baƙonmu ne." Da safe za ka sami koko da ƙosai a bakin titi, ka ji kamar kana gida. Hausarsu za ta ɗan bambanta da taka. Za ka ji an ce "ya zo" ana nufin mace. Kada ka yi dariya, kada ka gyara wa kowa. Mutanen nan sun riƙe harshen fiye da shekara ɗari a tsakiyar wasu harsuna, wasunsu ba su taɓa taka Kano ba. Godiya suka cancanta.

Amma kada ka maƙale a zango kaɗai, ka dawo ba ka san Asante ko ɗaya ba. Garinsu ne. Fadar sarkinsu, Otumfuo Osei Tutu na biyu, wanda ke kan gado tun 1999, tana Manhyia, cikin garin. A kasuwar Kejetia da su za ka yi ciniki, yawanci mata ne, kuma sun san kan kasuwa. Ka koyi gaisuwarsu da kalmar godiya tun ranar farko. Ko ka karya harshen, za su ji daɗi ka gwada. In ka tarar da mutane a jere za ka ba su hannu, fara daga damanka ka bi zuwa hagu, haka al'adarsu take. Kada ka miƙa kuɗi ko ka yi nuni da hannun hagu. Wannan ma ai tarbiyyar gidanku ce.

Da yawansu Kirista ne, kada wannan ya sa ka ɗaure fuska. Babban Limamin Gana, Shaihu Usman Nuhu Sharubutu, a shekarar 2019 da ya cika shekara 100, da ƙafarsa ya je wata majami'ar Katolika a Akra ranar bikin Ista, don ya gaida maƙwabtansa. Bai rage komai daga addininsa ba. In dattijo mai wannan daraja ya yi haka, kai da ka je sayar da kaya ba ka da dalilin ƙin amsa gaisuwa ko ƙin zama a inuwar shagon wani.

Duk wanda ya yi maka alheri a hanya, karɓi lambarsa. Ka rubuta a ɗan littafi ban da cikin waya, don waya tana faɗuwa, ana kuma sace ta. Ka sa garinsa da abin da ya yi maka kusa da sunan, saboda mantuwa. Ranar da ka iso gida, kafin ka kwanta, ka kira abokinka na Agege da mai masaukinka na Kumasi ka ce ka sauka lafiya. Suna jira, ko ba su faɗa ba. Da azumi ka sake kira, da Sallah ka sake. Wata rana ɗan ɗayansu zai zo Kano, ko karatu a Jami'ar Bayero, ko sarin atamfa a Kantin Kwari. In an sanar da kai, kada ka yi masa kwatance ta waya. Ka je tasha da kanka ka ɗauko shi.

Ka biyo ta gida kafin ka tashi, gwaggonka ta ce tana da daddawar da za ta ƙara maka a cikin tsarabar. Allah ya kai ka lafiya, ya dawo mana da kai lafiya.