Filin Shawara: Horon Tuƙin Gwaninta Ya Cancanci Kuɗinsa?

Ni matashi ne daga Dabawa a ƙaramar hukumar Dutsin-Ma. A hannun yayana na koyi mota, kuma ina da 'yar Golf da nake zirga-zirga da ita tsakanin Dutsin-Ma, Kurfi da Katsina. Abokina ya ba ni labarin wani horo na kwana biyu a Abuja, inda ake koyar da shan kwana a guje, da juya mota da birkin hannu, da tare ta idan ta ƙwace. Kuɗin zai kusa cinye abin da na samu a gonar bana. Mahaifiyata ta ce wasan mota ne kawai aka yi wa kwaskwarima. Ni kuwa gani nake zai ƙara mini ƙwarewa. Lasisi dai ban kai ga yi ba tukuna. In je ko in haƙura?

Ɗanka, daga Dabawa

Amsarka tana cikin maganar lasisin da ka ajiye a ƙarshe. Da rarrafe yaro kan tashi. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ba ta ba sabon direba lasisi sai ya fito daga makarantar tuƙi da ta amince da ita, jami'an VIO kuma sun gwada shi. Nan ya kamata kuɗinka ya fara shiga.

Ban ce horon ba shi da amfani ba. Nagari daga cikinsa, a fili killatacce kuma malami na gefenka, yana koyar da abin da yayanka ba zai iya nuna maka a kan kwalta ba. Ɗauki birkin gaggawa. A mota mai ABS, idan ka take da ƙarfi za ka ji birkin yana karkarwa a tafin ƙafarka. Wanda bai taɓa ji ba sai ya firgita ya ɗage ƙafa, alhali abin da ake so shi ne ya danne, ya ci gaba da sarrafa sitiyari. Ana kuma koyar da kai ido inda kake son motar ta bi, domin mai ƙura wa rami ido yakan faɗa shi.

Sai dai akwai tarko. A Norway da Finland an taɓa sa horon tare mota a kan santsi cikin sharuɗɗan lasisi, bincike kuma ya nuna haɗarin samari a kan santsi ƙaruwa ya yi. Sun fito suna jin sun gwane, sai suka ƙara wuta. Hannu kan manta darasin kwana biyu, amma zuciya ba ta manta da jin kai.

Ka dubi hanyar da kake bi. Garken shanu na tsallakawa, ɗan acaɓa na fitowa ba sigina, ga amalanke da magariba ba fitila. Mota mai gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a daƙiƙa guda, tun ƙafarka ba ta kai birki ba. Idan kuma ka ninka gudu, nisan da birki ke buƙata ya ninka sau huɗu. Birkin hannu ba ya warware wannan lissafi. Hangen nesa da rage gudu ke warware shi.

Don haka ka fara da lasisi. Sannan ka kai motar wajen bakanike ya duba birki. Ka tsuguna ka karanta lambobi huɗun da ke gefen kowace taya: 2319 na nufin an yi ta a mako na 23 na 2019. Wadda ta tsufa ko ta suɗe, a sauya ta. In da sauran kuɗi, ka tuntuɓi Cibiyar Fasahar Sufuri ta Najeriya, NITT, da ke Zariya, kan horon direbobi.

Idan har yanzu tseren ke ranka, wasa ne mai dokokinsa, da filinsa, da hular kwanonsa. Bayan ka goge, ka je ka koya da motar masu horon, ka baro shi can. Kada ka kawo shi rakiyar amarya.

A yanzu dai mahaifiyarka ta fi ka gaskiya: ka haƙura da Abuja bana. Allah Ya tsare hanya.