Yadda Ake Zaɓar Ajin Jarumi Don Cike Giɓin Tawaga a Wasan Dungeons & Dragons

Dungeons & Dragons, wanda ake taƙaitawa da D&D, wasa ne na ba da labari da ake yi a kan tebur da takarda da biro da ɗan lido mai fuskoki da yawa. Gary Gygax da Dave Arneson ne suka fito da shi a Amurka a 1974. A yau mutane da dama na buga shi ta intanet, a manhajoji irin su Roll20 da D&D Beyond da Discord. Mutum ɗaya ne ke jan ragamar labarin, sauran kuma kowa ya ɗauki jarumi guda, su haɗu su zama tawaga.

Wanda ya shigo bayan abokansa sun gama zaɓe yakan rasa ajin da zai ɗauka. Zaɓin yana da nauyi, domin labari ɗaya kan ɗauki watanni, kuma jarumin da aka yi ta renonsa na iya mutuwa a faɗa guda.

A fara da duba abin da babu

Littafin Player's Handbook na bugu na biyar, wanda ya fito a 2014, yana da azuzuwa 12. Haddace su duka ba dole ba ne. Abin da ya fi amfani shi ne sanin ayyukan da tawaga ke buƙata:

1. Mai tsayawa a gaba ya sha duka: Fighter, Barbarian ko Paladin.
2. Mai warkarwa: Cleric, Druid ko Bard.
3. Mai leƙen asiri, buɗe makulli da kwance tarko: Rogue, sai Ranger wajen bin sawu.
4. Mai sihirin da ke kama maƙiya da yawa lokaci guda: Wizard ko Sorcerer.
5. Mai iya baki a gaban sarakuna da 'yan kasuwa: Bard, Paladin, Warlock ko Sorcerer, tunda ƙarfinsu na dogara da kwarjini.

Ɗan wasa ya rubuta waɗannan biyar, ya sa sunan kowane abokinsa a gaban aikin da yake yi. Inda aka bari fayau, nan ne giɓin.

Me ya sa gaba da warkarwa suka fi muhimmanci?

Lissafin wasan ne ya sa. A matakin farko, Barbarian na farawa da makin rai 12, Fighter 10, Wizard kuwa 6 kacal, kafin a ƙara ɗan abin da ƙarfin jiki ke bayarwa. Saran takobin ƙaramin dodon nan Goblin yana cire kusan maki 5. Ke nan sara biyu na iya kai Wizard ƙasa idan babu wanda ya tare masa gaba.

Jarumin da makinsa ya ƙare yakan suma, sai ya riƙa jefa ɗan lido don neman tsira. In ya faɗi sau uku, ya mutu. A nan ne sihirin Healing Word ke aiki: Cleric ko Druid ko Bard na iya tayar da wanda ya faɗi daga nisan ƙafa 60, ba tare da ya rasa damar kai hari da makaminsa a wannan zagayen ba.

Misalai biyu

Idan tawaga tana da Fighter da Wizard da Rogue, abin da ya rage shi ne warkarwa da iya magana. Bard zai toshe duka biyun. In kuma labarin faɗa ne zalla, Cleric ya fi, domin yana sa sulke da garkuwa.

Idan kuwa Wizard da Sorcerer da Bard ne a teburin, sihiri ya wadata amma gaba a buɗe yake. Paladin ya dace: yana sa sulke mai nauyi, kuma yana da rumbun warkarwa da ake kira Lay on Hands, mai maki biyar a kan kowane mataki da ya kai.

Tambayoyi biyu kafin yanke shawara

Ta farko ga mai jan ragama: wane irin labari ne? Na makircin fada ya fi buƙatar mai iya baki. Na kurkukun ƙarƙashin ƙasa ya fi buƙatar mai kwance tarko.

Ta biyu ga kai: shin zan ji daɗin wannan jarumin bayan wata uku? Wanda aka tilasta wa zama mai warkarwa yakan gaji ya daina zuwa, sai tawagar ta rasa mutum gaba ɗaya. Akwai wasu hanyoyin toshe giɓi. Kwalbar maganin warkarwa tana kan zinare 50 a wasan, kuma kowane jarumi na iya koyon amfani da kayan buɗe makulli ta hanyar tarihin rayuwar da aka zaɓa masa. Mai jan ragama ma yakan rage wa tawagar da ba ta cika ba zafin faɗa, in an faɗa masa tun farko.

Saboda haka ɗan wasa ya ware azuzuwa biyu ko uku da ke cike giɓin, sannan a cikinsu ya ɗauki wanda ransa ya fi so.