Yadda Ake Gano Sabuwar Ƙwayar Cuta a Jikin Dabba

Mutumin Sabon Birni ko Isa bai haɗa hanya da teku ba. Ruwan da ya sani shi ne gulbin Rima da tabkunan fadama da ke kusa da kufan Alkalawa. Amma ya san ayu, ko da a bakin masunta, ya san akwai dabbar da ke zaune a ruwa tana shayar da ɗanta nono. Tekunan Turai ma suna da irinsu, sil da dolfin, kuma annobar da ta yi musu mummunar ɓarna 'yar gida ɗaya ce da ƙyandar yara, da bushiyar shanu, da cutar PPR da ke kashe jajayen awakinmu da majina da zawo. Hanyar da ake bi a gano su duka ɗaya ce.

Aikin daga mai lura yake farawa. A watan Afrilun 1988 mutane suka fara ganin gawarwakin sil a gaɓar tsibirin Anholt na ƙasar Denmak, kafin shekara ta ƙare kimanin 18,000 sun mutu a arewacin Turai. A wurinmu mai lurar shi ne makiyayi, ko matar da ke turke awaki a bayan ɗaki: ta ga ido yana kwantsa, hanci ya toshe, baki ya yi gyambo yana wari, bayan kwana biyu zawo ya ɓarke. Matsalar ita ce, da an ga akuya ta langaɓe sai a sa mata wuƙa kada ta zama mushe, ko a garzaya da ita kasuwa. Ba a ga laifin mai dabba ba, dukiyarsa ce. Amma shaidar da malamin dabbobi ke nema ta shige tukunya ke nan.

Idan an kira shi da wuri, zai sa safar hannu ya goga auduga a ido da hanci da bakin dabbar da zazzaɓi bai daɗe da kama ta ba, ya ɗebi jini. Idan ta mutu, sai ya feɗe ta tun ba ta kumbura ba, ya yanki huhu da saifa da kaluluwa, kowanne da kwalbarsa, a rubuta rana da gari da shekarun dabbar.

Daga nan sai sanyi, kuma nan ne gizo ke saƙa. Ƙwayoyin wannan dangi ba sa jure zafi. Yinin bazara ɗaya a bayan babur ya isa ya lalata su. Dole samfurin ya shiga akwatin ƙanƙara nan take, ya bi ta Goronyo zuwa Sakkwato, inda Jami'ar Usmanu Danfodiyo ke da tsangayar likitancin dabbobi, ko ya zarce Vom a Filato, zuwa cibiyar da aka kafa a 1924 don yaƙi da bushiya. A can sai firjin da sanyinsa ya kai digiri 80 ƙasa da sifili. Ga rashin wuta, ga hanyar da 'yan bindiga suka sa direba ba ya bi sai da rana tsaka. Mai tsince gawar sil a Denmak ya fi malamin dabbobin Gobir sauƙin aiki nesa ba kusa ba.

A ɗakin gwaji ana fara tambayar jini ne: wace cuta jikin ya taɓa yaƙa? Jinin sil na 1988 ya nuna garkuwa da ta yi kama da ta wata cutar karnuka, kuma wannan ne ya sa Albert Osterhaus da abokan aikinsa a Holan suka gane dangin da za su bincika. Yau ana ƙarawa da gwajin PCR, wanda ke kwafar ɗan guntun ƙwayar halittar cutar sau miliyoyi har na'ura ta iya ganinsa. Ana kuma shuka samfurin a kan ƙwayoyin ƙodar biri da ake renonsu a kwalba, a riƙa leƙawa da madubin likita kullum. Idan cutar tana ciki, za a ga ƙwayoyin suna narkewa cikin juna suna zama dunƙule. Sai a karanta jerin halittarta harafi-harafi, a gwada da na waɗanda aka sani. Idan ta yi kama da su amma ta bambanta sosai, sabuwa ce.

Samun ƙwaya a jikin gawa ba ya nufin ita ta yi kisan. Masu binciken sil sun fara cin karo da wata ƙwayar dangin hapis, daga baya aka gane ba ita ce ummul'aba'isin ba. PPR ma, tun da aka fara bayyana ta a Kwaddebuwa a 1942, an daɗe ana ɗaukarta bushiya ce ta faɗa wa awaki, sai a 1979 aka tabbatar cuta ce mai zaman kanta. Shi ya sa ake son a same ta a wurin da ciwon ya ci, a dabbobi da yawa, a kuma ga rigakafinta ya kare masu lafiya.

Bayan haka sai a sanar da hukumar lafiyar dabbobi ta duniya da ke Paris, a raɗa wa ƙwayar suna, a adana irinta. Ƙwayar PPR da aka samu a jikin wata akuya a Najeriya a 1975 ita aka raunana aka yi allurar da ake kira Nigeria 75/1, wadda yin ta sau ɗaya ke kare dabba aƙalla shekara uku. Da ita da irinta ake son kawar da PPR daga duniya zuwa 2030, kamar yadda aka sanar da ƙarewar bushiya a 2011, kuma akuyar da ta kwana a Sabon Birni ta wayi gari a kasuwar ƙasar Maraɗi, tsallaken iyaka, tana cikin lissafin ƙasashen biyu.