Ciwon Damuwa Da Ya Ƙi Jin Magani: Ana Warkewa Kuwa?

Karatu: 1 Sarakuna 19:1-18

 Darasin wannan mako na kowa ne, amma musamman naka ne, kai da kake zaune a Sabha, a unguwar Abdulkafi ko wata unguwa kusa da ita, kana aikin gini ko gadi ko wankin mota, kana kwana ba barci. Abinci ya fita ranka. Ƙirjinka yana bugawa ba dalili, in an ƙwanƙwasa ƙofa sai gabanka ya faɗi. Ka sha magani iri ɗaya, ka sha na biyu, an yi maka addu'a, ka yi azumi, abin yana nan. Yanzu kana tambaya a zuciyarka ko haka za ka ƙare.

Kada kowa ya ce maka ba ka da dalilin damuwa. Wanda ya taso daga Agadas a bayan Hilux, ya bi ta Dirku da Madama da Gatrun, ya san abin da idonsa ya gani a hamada. A watan Afrilu na 2017 hukumar ƙaura ta duniya, wato IOM, ta ba da rahoton cewa ana sayar da baƙi a Sabha, ana kulle wasu a gidaje ana dukansu, ana buga wa iyayensu waya su aiko da kuɗi. Garin kuma ya sha faɗa tsakanin Tubawa da Aulad Sulaiman a 2012 da 2014 da 2018. Mutum yakan fita daga irin wannan da ransa, amma zuciyarsa ta ci gaba da zama a can shekara da shekaru.

To, ana warkewa, warkewa mai ɗorewa? Ana yi. Amma ba kowa ba, kuma ba da sauri ba. Bari mu bi maganar a hankali.

Likitoci sukan ce ciwon damuwa ya ƙi jin magani idan mutum ya sha magunguna biyu dabam dabam, kowanne a daidai adadinsa, kowanne na tsawon mako huɗu zuwa shida ko fiye, bai sami sauƙi ba. Ka lura da wannan sharaɗi da kyau. Mutane da yawa da suke cewa magani ya ƙi su, ba su cika shi ba. Wani ya sha kwana goma, bakinsa ya bushe, jiri ya kama shi, ya ajiye. Wani kuɗi ne ya ƙare a tsakiya. Wani a kyamis ya saya ba takardar likita, bai san ko na kirki ne ko jabu ba. Maganin damuwa ba kamar maganin ciwon kai ba ne da za ka sha yanzu ka ji sauƙi kafin la'asar. Wahalarsa ce take fara zuwa, amfaninsa sai bayan makonni.

Akwai kuma abubuwan da suke hana magani aiki, ko da an sha shi daidai. Tiramol, kodin, giya da wiwi suna kan gaba. Baliyam yakan kwantar da fargaba daren yau, amma in an saba da shi, fargabar takan dawo fiye da da. Ƙarancin jini da ciwon maƙoƙo sukan kawo kasala da baƙin ciki, gwajin jini ne yake nuna su. Wani kuma ciwonsa mai hawa da sauka ne: watanni yana ƙasa, sai kuma wasu kwanaki ya tashi da ƙarfi, ba barci, surutu da kashe kuɗi ba lissafi. Wannan maganinsa dabam ne, likita kuwa ba zai sani ba sai an gaya masa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ka faɗa wa likita duk abin da kake sha, har wanda kake jin kunyarsa.

Yanzu ga waɗanda suka cika sharaɗin, ciwon kuma ya tsaya. A Amurka an yi wani babban bincike mai suna STAR*D a kan mutum wajen 4,000, aka fitar da sakamakonsa a 2006. Kusan kashi ɗaya cikin uku suka warke da magani na farko. Da aka canja wa sauran magani, waɗansu suka ƙara warkewa. A gwaji na uku da na huɗu adadin ya ragu ƙwarai, bai kai mutum 15 cikin 100 a kowane mataki ba. Masana suna gardama har yau a kan jimillar, amma abu ɗaya bai canja ba: a kowane mataki an sami waɗanda suka tashi. Magani na biyu da ya ƙi ba ya nufin na uku zai ƙi.

Binciken da ya fi dacewa da tambayarka shi ne wanda Dokta Abebaw Fekadu, mutumin Habasha, ya yi tare da abokan aikinsa a asibitin Maudsley na Landan, aka buga a 2012. Sun bi sawun mutum 118 waɗanda ciwonsu ya gagari likitoci da yawa, suka bi su daga watanni har zuwa shekara bakwai. Kimanin 60 cikin 100 sun kai ga warkewa, kusan rabinsu duka kuma sun zauna lafiya wata shida ko fiye a jere. Cikin abubuwan da suka bambanta waɗanda suka warke da waɗanda ba su warke ba, akwai wanda ba a sayarwa a kyamis: samun mutane a kusa da su masu riƙe su.

Haka kuma a Birtaniya, a 2013, an gwada mutum 469 da magani bai yi musu aiki ba. Rabi aka bar su da jinyar da suka saba, rabi aka ƙara musu zaman tattaunawa da ƙwararre mai koya wa mutum yadda zai gane mugun tunani ya kuma juya shi. Bayan wata shida, 46 cikin 100 na masu zaman tattaunawa sun sami sauƙi sosai, a ɗaya ɓangaren 22 kawai. Da aka sake duba su bayan shekara uku da wani abu, bambancin yana nan. Irin wannan zama shi ne ya fi ɗorewa wajen fargaba ma, domin abin da mutum ya koya yana tare da shi bayan ƙwaya ta ƙare. A Zimbabuwe, tun 2006, Dokta Dixon Chibanda ya koya wa tsofaffin mata wani sashe na wannan aiki, suna zama a kan benci a harabar asibiti suna sauraron masu damuwa, kuma an tabbatar yana taimako. Ashe ba sai da babban gini ba.

Ga ciwo mai tsanani akwai sauran hanyoyi a hannun likitocin ƙwaƙwalwa: ƙara litiyom a kan maganin da ake sha, ko jinyar lantarki. Mutane suna tsoron jinyar lantarki saboda abin da suka ji, amma yau ana yin ta ne bayan an sa mutum barci, kuma tana cikin hanyoyi mafi ƙarfi ga wanda ya daina ci da magana. Takan taɓa tunawa na ɗan lokaci, kuma ciwon yakan dawo in ba a bi ta da magani ba.

A nan ne maganar ɗorewa take. Da yawa sukan ji sauƙi su ce sun warke, su jefar da magani, bayan wata biyu su koma gidan jiya. Ƙa'ida ita ce a ci gaba da sha aƙalla wata shida bayan an ji lafiya, wanda kuma ciwon ya sha dawo masa, shekara biyu ko fiye. In za a daina, a hankali ake ragewa, da sanin likita. Mai hawan jini da yake shan ƙwayarsa kullum, yana noma, yana aurar da 'ya'yansa, ba ma cewa bangaskiyarsa ta kasa. Ni dai ban ga dalilin da zai sa mu faɗi haka ga mai ciwon damuwa ba.

Wannan ya kawo mu ga karatunmu. Iliya ba ƙaramin mai bi ba ne. Ya ga wuta ta sauko a Dutsen Karmel, amma da saƙon Yezebel ya iso, ya gudu har Biyer-sheba, ya bar baransa a can, ya shiga jeji shi kaɗai, ya zauna a gindin itace ya roƙi mutuwa. Ka duba abin da aka fara yi masa. Ba a tsauta masa ba. An bar shi ya yi barci, aka tashe shi ya ci ya sha, ya sake kwanciya, aka sake ciyar da shi. Sai bayan tafiyar kwana arba'in aka yi magana da shi a Horeb, aka bar shi ya faɗi kukansa har sau biyu. Yana ganin shi kaɗai ya rage, aka nuna masa akwai mutum 7,000. Aka ba shi aiki, aka kuma ba shi Elisha ya zauna tare da shi. Barci, abinci, kunne mai ji, gyaran tunani, aiki, aboki. Da ikkilisiyoyinmu za su bi wannan jeri, da an rage masu cewa mara lafiya ya binciki zunubinsa tun kafin a tambaye shi ko ya ci abinci.

Kai dattijo ko shugabar zumuntar mata, in kuna da irin wannan a cikinku, kada ku hana shi magani da sunan bangaskiya, kada kuma a ɗaure shi da mari. Ku yi masa addu'a, ku raka shi asibiti, ku tuna masa da lokacin ƙwaya. In bai zo sujada ba, ku je ku same shi.

Na san hanyar asibiti ba ta da sauƙi daga inda kake. Babban asibitin ƙwaƙwalwa na Razi yana Tarabulus, fiye da kilomita 700 daga Sabha, ga shingaye a hanya, ga rashin takarda. Kuma zuciya ba ta saurin kwanciya a wurin da tsoro bai ƙare ba. Saboda haka ga waɗansu, komawa gida wani sashe ne na jinya. IOM tana da shirin mayar da baƙi ƙasashensu daga Libiya bisa son ransu. Kunyar komawa hannu wofi tana da nauyi, ga bashin da aka ci don tafiya, amma uwarka ta fi son ganinka da rai. A Nijeriya akwai asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau a Kano, na Kware kusa da Sakkwato, na Barnawa a Kaduna, da na Maiduguri. A Nijar akwai sashen wannan jinya a Babban Asibitin Ƙasa na Yamai. In za ka je, ka tafi da kwalayen magungunan da ka sha, ka kuma rubuta tsawon lokacin da ka sha kowanne.

In kuwa tunanin kashe kanka ya fara zuwa maka, kada ka jira ƙarshen mako. Ka gaya wa mutum ɗaya yau, abokin ɗakinka ko fasto ko ma'aikacin jinya. Ka ba shi ajiyar magungunanka ya riƙa ba ka na kwana ɗaya ɗaya, ka roƙe shi ya kwana kusa da kai har ku ga likita.