Ciwon Dasashi: Mu Duba Shi da Haske Tun da Wuri

Kowane manomi ya san in ruwa ya zaizaye ƙasar gindin hatsi, kara faɗuwa yake yi. Haka haƙori yake da dasashi, wato naman da ke riƙe da shi. In dasashi ya lalace, haƙori mai lafiya ma sai ya yi girgiɗi, ya fita.

1. Mafarin ciwon

Dauɗar abinci da ƙwayoyin cuta suna taruwa a gindin haƙora. Dasashi ya kumbura, ya riƙa zubar da jini. Da farko ba ya zafi, shi ya sa muke raina shi.

A shekara ta 1965, a ƙasar Danmak, likita Harald Löe ya sa wasu mutane masu lafiya suka daina wanke baki. Cikin kwana 10 zuwa 21, dasashinsu ya kumbura. Da suka koma wankewa, ya warke cikin kamar mako guda.

2. Yadda likitoci suke dubawa

Likitan haƙori yana zura ɗan siririn ƙarfe mai awo tsakanin haƙori da dasashi. In lafiya lau ne, zurfin ba ya wuce milimita 3.

A shekara ta 1991, masana a Amurka suka fito da na'urar da ke ɗaukar hoto da haske. Tana aika haske cikin nama, hasken ya dawo, kwamfuta ta zana abin da ke ciki har zurfin milimita 1 zuwa 2. Babu yanka, babu allura. Da ido aka fara, sai a 1998 aka gwada ta a baki. Ana ɗaukar hoto yau, a sake bayan an yi magani, a jera su biyu, a ga ko kumburi ya sauka. Na'urar tana da tsada. A aikin dasashi, galibi masu bincike ne ke amfani da ita.

3. Namu aikin

Dabarar ita ce a duba, a sake dubawa, a kwatanta. Wannan kuwa muna iyawa da madubi da hasken rana.

- Kowace Juma'a mu ɗaga leɓe mu duba. Duhun dasashi ba ciwo ba ne. Kumburi, jini da warin baki su ne alamu.
- Mu goge haƙora safe da dare da asuwaki ko buroshi, a hankali, har gindinsu.
- In mako biyu ya wuce jini bai tsaya ba, mu tafi likita.

4. Bakin yara

Akwai mugunyar cuta da likitoci ke kira noma, ba noman gona ba. Daga dasashi take farawa, ta cinye kunci cikin ƴan kwanaki. Ta fi kama yara masu shekara 2 zuwa 6 da ke fama da tamowa, ko waɗanda suka tashi daga ƙyanda. Ana samunta a ƙasarmu. In an gan ta da wuri, magani yana tsayar da ita. Yaron da bakinsa ke wari, dasashinsa na jini, kuncinsa ya kumbura, a kai shi likita ran nan, kada a jira gobe. Ciyawa tun tana ƙarama ake nome ta.

Tambayoyi

1. Mene ne aikin dasashi?
2. Waɗanne alamu uku za mu duba?
3. Yaushe za a kai yaro likita?