Wa Ke Umartar Fata Ta Haɗe Bayan Rauni?

Tambaya: Malam, wuƙa ta yanke ni a yatsa, cikin mako guda wurin ya haɗe. Wa ya gaya wa naman ya tsiro, kuma me ya tsayar da shi? Daga wata ɗaliba a Zariya.

Amsa: Sannu Malama. Saƙo ne ke isa ga ƙwayoyin halittar fatarki, kuma saƙon wani ɗan ƙaramin furotin ne. A 1962 Stanley Cohen, a Amurka, ya tace irinsa daga inda yawun ɓera ke fitowa. Da ya yi wa jariran ɓeraye allurarsa, sai idanunsu suka buɗe kafin lokaci. Shi ne EGF, wanda ya ba shi kyautar Nobel a 1986.

Abin da ya fi burge ni shi ne, ƙwayar halitta ba ta sakin saƙon da zarar ta ƙera shi. Ɗaure shi take yi a jikin tantanin da ya lulluɓe ta, kamar akuya a turke. Sai an ji rauni wasu furotin masu aikin almakashi, irin su ADAM17, su tsinke igiyar. Dangin EGF, kamar HB-EGF, su kuɓuce su manne wa makarɓar saƙo ta maƙwabciya. Makarɓa biyu su haɗu, umarni ya shige ciki, ƙwayoyin su rarrafa su rufe wurin, suna hayayyafa. Daga baya ƙwayar takan haɗiye makarɓar tare da saƙon ta narkar da su, wannan na cikin abin da ke kawo tsayawa.

A 1998 an samar da ɓerayen da ADAM17 ɗinsu ba ya aiki. Ido buɗe aka haife su, domin fatar idon ba ta tsiro ta rufe ba, yawancinsu kuma ba su rayu ba. Saƙon yana nan a turke, babu mai kwance shi.

Wani almakashin kuma kan faɗa wa makarɓar kanta, kuma a nan abin yake da ban tausayi. A wani nau'in kansar mama, wata makarɓa mai suna HER2 kan yi yawa. Idan aka datse ɓangarenta na waje, kututturen da ya rage, p95HER2, sai ya yi ta aika umarnin hayayyafa ba tare da saƙo ya zo ba. Maganin trastuzumab kuwa, wanda aka amince da shi a Amurka a 1998, ɓangaren wajen yake kamawa, don haka a jikin kututturen ba ya samun madafa.